Yadda hasken rana ke sa gansakuka fitar da iskar oksijin

Mazauna tsofaffin unguwannin cikin ganuwar Kano, irin su Zaitawa, sun san kududdufan da aka haƙa domin samun ƙasar gini, kuma sun san koren gansakukar da kan lulluɓe ruwansu.

Idan rana ta take, akan ga ƙananan kumfa suna tasowa daga jikin gansakukar. Wannan kumfa iskar oksijin ce, wadda mutane da dabbobi ke shaƙa.

Daga ina iskar take fitowa?

A cikin gansakuka akwai wani koren sinadari da ake kira kulorofil, wanda ke kama hasken rana, musamman launin ja da shuɗi.

Da ƙarfin wannan haske ne gansakukar ke farfasa ƙwayoyin ruwa. Tana riƙe sinadarin haidurojin domin haɗa abincinta, sannan ta saki oksijin.

A shekarar 1941 wasu masana a Amurka, Samuel Ruben da Martin Kamen, suka tabbatar da cewa daga ruwan ne oksijin ɗin ke fitowa.

A 1969 kuma, Pierre Joliot na Faransa ya riƙa haska gansakuka da walƙiya ɗaya bayan ɗaya, inda ya lura cewa iskar na ƙaruwa ne a kowace walƙiya ta huɗu.

Bessel Kok ya yi bayanin haka a 1970: akwai wani ɗan dunƙule a cikin gansakukar da ke tara ƙarfin haske sau huɗu kafin ya farfasa ƙwayoyin ruwa biyu. Daga baya aka gano cewa dunƙulen na ɗauke da ƙwayoyin manganis huɗu da kalsiyam ɗaya.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin oksijin ɗin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan ƙananan halittu na teku yake fitowa.

Hatsarin dare

To sai dai da zarar rana ta faɗi aikin kan tsaya, gansakukar kuma ta ci gaba da shaƙar oksijin ɗin da ke cikin ruwan.

Inda ƙazanta ta sa ta yi yawa, iskar kan yi ƙaranci gab da asuba, abin da kan sa masu kiwon kifi su wayi gari su tarar kifayensu sun taso sama suna haki, wasu ma sun mutu.