Daga Ina "Azzalumi" Ya Fito?

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san akwai kalmar da ba ta buƙatar tafinta. Da jarumi ya nuna bos da yatsa ya ce "zalim", hatta yaron da bai san ko harafi ɗaya na Indiyanci ba ya gane. Akshay Kumar kaɗai ya fito a Zaalim (1994) da Zulmi (1999).

To ba mu muka ara daga gare su ba, su ma ba daga wurinmu suka ɗauka ba. Uwa ɗaya ce ta haife mu, wato Larabci. Malaman lugga sun ce asalin "zulm" shi ne ajiye abu ba a muhallinsa ba, kuma daga tushensa ne "zulma", wato duhu, ta fito. Farisanci ne ya yi dakon kalmar zuwa Indiya, don shi ne harshen fadar sarakunan Mughal da suka kafa mulki a 1526, kuma bai bar kotuna ba sai da Turawan Ingila suka sauke shi a 1837. Mu kuwa ta hannun malamai ta iso. Har ma "al" ɗin Larabcin muka haɗiye, shi ya sa muke cewa azzalumi. A Turkiyya an yi shirin Zalim Istanbul a 2019, masu Swahili kuma suna cewa "dhalimu".

Bature kuwa "cruel" ɗinsa daga Latin ta zo, 'yar'uwar "crudus", ɗanye, mai jini a jika. Abin mamaki, Bahaushe ma in ya ga ta'asa cewa yake an yi ɗanyen aiki.

Amma fa zalunci ba mugunta ba ne, a nan ne marubutan finafinanmu ke yin tuntuɓe. Mugunta da ƙeta namu ne na gida, ko yaro zai iya yi wa ƙadangare. Zalunci sai da iko, sai da hakkin wani da aka danne. Da wannan ma'anar Shehu Usmanu ya tuhumi sarakunan Hausa kan haraji da ƙwace, kafin jihadin 1804. Yau ka duba wa ake kira azzaluma a fim ɗinmu: kishiya, ko uwar miji da ta hana abinci. Alƙalin da ya ci hanci da attajirin da ya cinye gonar marayu, da ƙyar ake ba su fitowa uku.