Suna da Tambari a Kasuwancin Djougou da Parakou

Djougou da Parakou, a arewacin Jamhuriyar Benin, da fatauci suka yi suna. A ƙarni na 19 ayarin fatake daga Kano, Katsina da Sakkwato kan ratsa ƙasar Borgu su yada zango a waɗannan garuruwa, a kan hanyarsu ta zuwa Salaga a ƙasar Gwanja. Sukan tafi da kanwa da jan fata da turkuɗi, su dawo da goro. A Djougou baƙi na sauka a unguwar Wangara, fadar sarki kuma tana Kilir, ana ciniki da harsunan Dendi da Hausa.

A wancan zamani ba a san rajista ba. Abu biyu ne ke tsaya wa kaya: sunan garin da suka fito, da sunan wanda ya ɗauki lamuninsu. In an ce turkuɗin Kura, mai saye ya san rinin da aka buga da shuni har yana ƙyalli. Goron Gwanja kuwa a dazukan Asante ake nomansa, amma sunan ƙasar da ake sarinsa ya bi shi. Mai saye kan sa a kwance huhu, ya ɗaga ganyen, ya ɓare ƙwaya ɗaya ya duba ko tsutsa ta shiga. Sauran tabbacin yana wuyan maigida, wanda ke saukar da fatake, ya adana kayansu, ya nemo musu dillali, ya tsaya musu a kan bashi. Maigidan da aka kama da algus ba ya buƙatar alƙali. Ayarin baɗi wani gida zai sauka.

Yaƙin basasar Salaga na 1892 da iyakokin da Turawa suka shata sun karya wannan hanya. Cinikin goro ya koma jirgin ruwa da na ƙasa. Da layin dogo daga Kwatano ya iso Parakou a shekarun 1930, garin ya zama matattarar kayan masana'anta masu wucewa Malanville zuwa Nijar: atamfa, sabulu, ashana da gishiri. Mai saye bai san wanda ya yi su ba, sai hoton da ke jikin kwali ko rubutun bakin zane. Nan tambari ya gaji aikin maigida, nan kuma jabu ya samu ƙofa, don kwaikwayon hoto ya fi kwaikwayon mutunci sauƙi.

Har bayan samun 'yancin Dahomey, wato Benin ta yau, a 1960, dokar Faransa ce ke kula da tambura. A ranar 13 ga Satumba 1962 ƙasashe 12, har da Dahomey da Nijar, suka sa hannu a Libreville kan kafa ofishin rajista guda. Yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977 ta mayar da shi hukumar OAPI, mai hedikwata a Yawunde, aka sake wa yarjejeniyar fasali a 1999 da 2015. Rajista ɗaya tana kare tambari a ƙasashe 17 na tsawon shekara 10, ana kuma sabunta ta. Najeriya ba ta ciki, saboda haka tambarin ɗan kasuwar Parakou ba shi da kariya da zarar kayansa sun wuce Nikki sun tsallaka iyaka, sai ya yi wata rajistar a Abuja. Sunan wuri ma ya dawo ta hanyar doka: a 2020 OAPI ta yi wa abarbar Allada rajista da sunan yankinta.

Ƙa'idar kare suna ta kai har ga manhajojin kwamfuta da ake sakin asalin rubutunsu ga kowa. Lasisinsu ya halatta a kwafa, a gyara, a raba, amma suna yana hannun mai rajista. Shi ya sa daga 2006 zuwa 2016 ƙungiyar Debian ta riƙa raba manhajar Firefox ɗin da ta gyara da sunan Iceweasel, su kuma waɗanda suka ɓalle daga OpenOffice a 2010 suka raɗa wa tasu suna LibreOffice. Mai gyara irin wannan manhaja a Parakou ko Djougou yana da 'yancin sayar da aikinsa, amma sa mata sunan asali sai da izinin mai tambarin.