Zanga-zangar Masu Riguna Ruwan Ɗorawa a Faransa

Zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa bore ne da talakawan Faransa suka fara ranar 17 ga Nuwamban 2018, domin adawa da ƙarin harajin man fetur da dizal da kuma tsadar rayuwa. Ba jam'iyya ko ƙungiyar ƙwadago ce ta kira shi ba; a shafukan Facebook aka shirya shi, bayan wata takardar koke ta karaɗe intanet.

Sunan ya samo asali ne daga rigar nan mai ƙyalli da doka ta wajabta wa kowane direba ya ajiye a motarsa. A ranar farko, mutum fiye da 280,000 ne suka tare hanyoyi da shataletale, da yawansu mazauna karkara da ba su da abin hawa sai motocinsu.

A Disamban 2018 gwamnati ta janye ƙarin harajin, kuma Shugaba Emmanuel Macron ya yi alƙawarin ƙarin yuro 100 a wata ga masu mafi ƙarancin albashi. Sai dai rashin shugaba guda ya hana masu boren zama teburin sulhu da murya ɗaya.