Waƙa ɗaya cikin harsuna uku

Ka sani, ya kai almajiri, Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usumanu ɗan Fodiyo, Allah shi jiƙanta, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Fulatanci ta sha a nono, Larabci ta koya gaban malamai, Hausa kuwa ita ce harshen Gobir, inda aka haifi mahaifinta a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau.

Waƙarta ta sunayen surorin Alƙur'ani sau uku ta tsara ta: da Fulatanci wajen 1829, da Hausa wajen 1838, da Larabci wajen 1850. Abin da take karantarwa bai canza ba, mai saurare ne ya canza. Ta Fulatanci ta isa ga ƴan'uwanta na gida. Ta Hausa ta zo bayan yaƙin Gawakuke na 1836, sa'ad da mata Gobirawa masu yawa suka shiga hannun Sakkwato ba su jin Fulatanci. Irin waɗannan waƙoƙi jajojin Ƴan Taru ke hardacewa su kai ƙauyuka. Ta Larabci kuma malaman nesa suka iya karanta ta.

Saboda haka, in takardar ajami ta shigo hannunka, kada ka raina ta don ba Larabci ba ce, kada kuma ka yi gardamar ko ta Fulani ce ko ta Hausawa. Fara tambaya: don wa aka rubuta ta? Allah ne masani.