Baro: Ƙauyen da Jirgin Ƙasa Ya Taso Daga Cikinsa

Yau bari mu duba tarihin wani ƙaramin ƙauye na Nufawa. Sunansa Baro. Yana bakin Kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie a Jihar Neja. Tun dā mutanensa masunta ne da manoma, kwalekwale ne abin hawansu.

A shekara ta 1907, Gwamna Percy Girouard ya soma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano. Me ya sa aka zaɓi Baro? Domin in kogi ya cika da damina, manyan jiragen ruwa suna iya haurowa daga teku har can. Da su aka kawo ƙarafa da injuna. Talakawa ne suka haƙa ƙasa, suka ɗauki duwatsu a ka, da yawansu kuwa aikin tilas ne ta hannun sarakuna. Hanyar ta bi ta Minna, ta isa Kano a 1911. Baro ya cika da 'yan kasuwa da leburori, kayan Arewa suna sauka can a loda su cikin jirgi.

Amma albarkar ba ta daɗe ba. Hanyar da ta taso daga Ikko ta haɗu da ta Baro a Minna. Da aka gama gadar Jebba a 1916, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa Ikko, ba sai an sauke su a bakin kogi ba. Minna ta yi ta girma, Baro ya yi ta raguwa.

An sāke ba mutanen Baro bege. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogi daga Warri zuwa Baro. A Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa. Duk da haka shekaru suka shige jiragen kaya ba su zo ba, gama kogin ya sāke cika da yashi, hanyar mota ta lalace, tsohon dogo kuma ya mutu.

'Yan'uwa, mu da muke zaune a Minna muna cin moriyar hanyar da ta soma daga Baro. Kada mu ci moriyar ganga mu ya da kwaurenta. Mu gaya wa 'ya'yanmu labarin nan, mu kuma riƙa tambayar shugabanninmu yaushe tashar za ta soma aiki.