Yadda Aka Gano Ire-iren Jemagu Masu Dogon Kunne

A shekarar 1758, lokacin da masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya tsara sunayen dabbobi, jemage mai dogon kunne guda ɗaya tak ya ambata. A 1818 ne Bafaranshe Étienne Geoffroy Saint-Hilaire ya ware masa dangi na kansa mai suna Plecotus, wato rukunin da ke tattara nau'o'i masu kusancin asali. Kunnuwan wannan ƙaramar dabba sun kusa kai tsawon jikinta, tana kuma naɗe su a ƙarƙashin fukafukai idan za ta yi barci. Da su take jin motsin ƙwari a kan ganye, domin sautin da take fitarwa don gane hanya cikin duhu ta hanyar amsa-kuwwa bai da ƙarfi kamar na yawancin jemagu.

Fiye da ƙarni guda masana suka yi suna ɗaukar na Turai duka a matsayin nau'i ɗaya, duk da cewa tun 1829 an bayyana wani mai launin toka daga Ostiriya, wanda aka ɗauka bambancin launi ne kawai. Sai a 1960 masani Kurt Bauer ya nuna cewa mai launin tokan nau'i ne daban da mai ruwan ƙasa da Linnaeus ya ambata, bisa ma'aunin ƙoƙon kai da haƙora. Ba a ga laifin magabata sosai ba, domin ko a tafin hannu aka riƙe su biyun da wuya a rarrabe su.

Babban sauyi ya zo ne da binciken ƙwayoyin gado, waɗanda ke nuna nisan zumunci tsakanin halittu ko da kamanninsu ɗaya ne. A 2000 an bayyana sabon nau'i daga tsaunukan Bale na Habasha, a 2002 kuma aka bayyana na tsibirin Sardiniya a Italiya, wanda ba a samunsa ko'ina sai can. A wannan tsakanin ne aka gane cewa wanda ke zaune a tsaunukan Alps shi ne wanda aka riga aka sa wa suna daga yankin Kaukasus tun 1965. Nazarin da Friederike Spitzenberger da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya kai adadin kusan ashirin, daga tsibiran Kanari har Japan, ciki har da na hamadar Masar da Sudan.

Wannan rarrabewa ta sauya lissafin kiyaye su, domin dabbar da ake zaton ta bazu a nahiya guda sai ga shi ta kasu gida-gida, wasu a tsibiri ɗaya kawai. Dokoki sun riga wannan ilimi zuwa: Birtaniya ta haramta kashe jemagu da lalata makwancinsu a 1981, aka kuma ƙulla yarjejeniyar kare jemagun Turai a 1991. Amma matsalarsu ta fi ta farauta wuyar magani, tunda a rufin tsofaffin gidaje da majami'u suke renon 'ya'yansu, uwa kuma ɗa ɗaya take haifa a shekara. Gyaran rufi, da maganin ƙwari mai guba da aka riƙa shafa wa katako, da noman zamani da ya cinye filayen ciyawa inda suke farauta, duk sun rage su. A Ingila, mai launin toka ya rage kusan 1,000, a kudancin ƙasar kaɗai.