Daga Zaure Zuwa Laburare: Tarihin Ɗakunan Karatu na Jama'a a Kano

Gabatarwa

Manufata a wannan maƙala ita ce in bi sawun yadda ɗakin karatu na jama'a ya samu a ƙasar Kano, da hidimar da ya yi wa al'umma, sannan in nuna abin da ya rataya a wuyan malaman makaranta da dattawa game da shi. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin matasanmu sun ɗauka laburare wuri ne na mai shirin jarrabawa kawai. Tarihi bai nuna haka ba.

Kafin Zuwan Turawa

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda Shehu Magili ya rubuta wa littafi kan sha'anin mulki, malamai ke tara littattafan fiƙihu da nahawu da tarihi da magani. Akan sa littafi cikin tadarishi, a zura shi a gafaka, a adana a adaka. Zauren malami shi ne laburaren unguwa. Ɗalibi kan ari littafi ya kwafe da hannunsa, ya mayar da na malam, ta haka kwafi ɗaya ya zama goma. Sai dai wannan taska tana da iyaka, domin wanda ya iya Larabci ko ajami kuma yake da kusanci da malamin ne kaɗai ke cin moriyarta.

Misalin girman irin wannan dukiya shi ne littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa Bakano da ya rasu a 1962. Dubban rubuce-rubucen hannu da ya bari suna Jami'ar Northwestern ta Amurka. An adana su da kyau, amma jikan Bakano da ke son duba su sai ya nemi hanya zuwa wata nahiya.

Ɗakunan Karatu na En'e

Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, sai aka fara samun masu karatu da ba su da abin karantawa. Wannan ya sa aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta East. Gasar da ta shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. A watan Janairu 1939 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne hukumomin En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. Babban nufin Turawa shi ne a riƙa isar wa jama'a labarin yaƙi yadda su suke so a ji shi. Amma jama'a suka mayar da wurin nasu. Dattawan da na yi aiki a ƙarƙashinsu sun sha gaya mini cewa mutum ɗaya kan ɗauki jarida ya karanta da ƙarfi, waɗanda ba su iya boko ba su kewaye shi suna saurare, a ƙarshe a ɓarke da muhawara.

A 1952 aka kafa babban laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa larduna da makarantu. A cikin shekarun ne aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta buga ƙananan littattafai masu araha, larduna suka sami jaridunsu, Kano ta sami Sodangi. A 1963 wani masani, F. A. Sharr, ya gabatar da rahoto kan buƙatun laburare a Arewa. Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967 sai aikin ya koma hannun kowace jiha, a nan Kano har ya kai ga Hukumar Laburare ta Jiha da Laburaren Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello.

Darasin da ke Ciki

Wanda ya duba wannan tarihi zai ga abubuwa uku ne suka riƙa tafiya tare: masu koyar da karatu, masu buga littafi da harshen jama'a, da wurin da talaka zai sami littafin ba da kuɗinsa ba. Duk lokacin da ɗaya ya yi rauni, sauran biyun sai su raunana. Wanda ya sami takardar shaidar yaƙi da jahilci, in ya shekara biyu bai ga rubutu ba, karatun kan zube.

Hujjar cewa jama'armu na son karatu ita ce abin da ya faru daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da matasa maza da mata suka shiga buga littattafansu da kansu, abin da aka laƙaba wa adabin kasuwar Kano. Masu shaguna suka riƙa ba da hayar littafi, yara na kai wa matan aure har cikin gida. Ko me mutum zai ce game da abin da ke cikin wasu littattafan, mai hayar ya isa inda laburare bai isa ba.

Shawara ga Malamai da Dattawa

Ga malamin makaranta, shawarata ita ce ya kai ɗalibansa laburare ko da sau ɗaya a zango, ya nuna musu yadda ake neman littafi. Ɗan firamare a fara masa da Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Ɗan sakandare a ba shi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, inda zai ga tarihin sarakunan Kano. Mai zurfin bincike ya nufi Gidan Ɗan Hausa, ko laburaren Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa na Kaduna da aka kafa a 1970. Wayar hannu da intanet sun sauƙaƙa samun rubutu, amma ba sa gaya wa yaro wanne ne sahihi. Wannan aikin malami ne da ma'aikacin laburare.

Ga dattawa kuwa, a duba adakar da aka gada. Gara da ɗigon damina da rabon gado sun cinye littattafan da ba su da kwafi na biyu a duniya. Ba sai an rabu da su ba. Ana iya ɗaukar hotonsu shafi-shafi, a ajiye kwafi a wurin da masu bincike za su gani, asalin ya zauna a hannun magada.

Kammalawa

Laburare a Kano ya tsiro ne daga zauren malamai, ya bi ta ɗakin karatu na En'e, ya zo ga ginin gwamnati. A kowane mataki, abin da ya raya shi shi ne masu shiga su karanta. Gwamnati ce ke da alhakin sayen littattafai da biyan ma'aikata, amma kai yara da ceto takardun kakanni namu ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari.